Kyamarar Da Na Karɓe Daga Wuyan Aminina

Edita, sallama da fatan alheri gare ka da masu karanta wannan shafi. Ni dattijo ne da ya haura saba'in, haifaffen Fagge, kuma a nan nake zaune har gobe. 'Yata ce take rubuta abin da nake faɗa, domin idanuna sun daina ganin ƙananan rubutu. Ba zan ambaci sunana ko na kowa ba. Wanda ya san mu zai gane, wanda bai san mu ba darasin ya ishe shi.

Sana'ata ɗaukar hoto. Na fi shekara arba'in da shago a Sabon Gari, ba nisa da kasuwa, tun zamanin da mai hoto yake da daraja kamar malamin asibiti. Amare, maniyyata masu neman fasfo, 'yan ƙwallo, iyalan da suka taso daga coci ranar Kirsimeti cikin ankonsu, samari ranar Sallah da sabon ɗinki, duk sun tsaya a gaban labulena. In na ce a ɗaga haɓa, ko Alhaji wane ne sai ya ɗaga. Da kyamarar zamani ta shigo, daga baya waya ta zo ta ƙarasa mu, abokan sana'a suka riƙa rufe shaguna ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda zai rufe sai in je in sayi kyamarorinsa, don ba na iya ganin an zubar da su kamar tsohon kwano. A haka na tara su har suka cinye ɗaki guda a gidana. Akwai ta akwati mai ƙafa uku wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, akwai 'yan Rasha masu nauyi kamar dutsen guga, akwai 'yan Japan ƙanana. Amma sarauniyarsu wata 'yar Jamus ce mai ido biyu, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama. Da ita na yi suna. Bayan na bar shago, aikina kenan kullum da hantsi: in buɗe kabad, in goge su, in ɗana, in saurari ƙararsu.

Ina da amini. Ibo ne, Kirista, amma a Sabon Gari aka yanke masa cibi, Hausarsa kuwa in yana bayan labule sai ka rantse ɗan cikin gari ne. Shagonsa yana jikin nawa, yana gyaran agogo da kyamara. Tare muka yi ƙuruciya, tare muka tsufa. Kwano ɗaya muke ci, sai dai ranar da matarsa ta cika yaji. Ba ya kirana Alhaji sai in da baƙi, tsakaninmu “Ɗan Fagge” yake ce mini, ni kuma in ce masa “Injiniya”. Ranar da mai ɗakina ta rasu, a kan tabarmar zaman makoki ya yini yana karɓar gaisuwa tare da 'yan uwana har aka tashi. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa ɗaukar hoto don sana'a ba. Shi dai ya kwance, ya gyara, ya miƙo mini. Mutane ma “mai gyaran Alhaji” suke ce masa. Sai yanzu na gane cewa sunan nan yana yi mini daɗi, kuma a kansa na ɗora rabin amincin da nake taƙama da shi.

Abu biyu suka haɗu suka sa na rage kayan. Na farko, mijin 'yata ya rasu, ta dawo gida da yara uku, kuma babu inda za su sa haƙarƙarinsu sai ɗakin kyamarori. Na biyu, likita ya tabbatar mini cewa hawan jinin ido ya riga ya ci gefen ganina, abin da ya rage sai lallaɓawa da ɗigon magani. Wanda ba ya gani me zai yi da kyamara? Na san haka, amma ranar da muka fara fito da su tsakar gida ji na yi kamar ana fitar da gawa. 'Yan gwangwan suka zo suna ɗaga su suna jin nauyi, ɗaya ya tambaya ko akwai jan ƙarfe a ciki, na kore su. Wani mai gidan abinci ya ɗauki wasu don ya jera a bango ado. Wasu na rabar ga tsoffin abokan aiki. Na ware guda uku na ajiye a ƙarƙashin gado. Waɗanda suka lalace na cika kwali da su na ce Injiniya ya ɗauka, ko zai samu abin cirewa.

Yana ɗaure kwalin ne idonsa ya kai kan 'yar Jamus ɗin. Ya ɗauke ta, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ce shi kaɗai ya san cikin wannan baiwar Allah, sau nawa ya kwance ta ya mayar. Ban san abin da ya taɓa zuciyata ba, na ce ya haɗa da ita. Ya ƙi, na matsa. Na ce masa kyauta ce har abada, ni na gama da ita, kuma ba ni da wanda ya fi shi cancanta. 'Yata tana tsaye, maƙwabcina yana tsaye. Ya rungume ta a ƙirji. A ranar na ji ni wani babban mutum ne, na yi kyautar da za a daɗe ana faɗa.

Abin da ban zata ba shi ne zai yi amfani da ita. Ni a tunanina zai sa ta a kabad ne yana kallo, duk wanda ya tambaya ya ce ta Alhaji ce. Sai ga shi ya zauna ya tayar da kusan duk na cikin kwalin, ya jera su a shagonsa. Ashe akwai wasu matasa, 'yan jami'a da masu ɗaukar hoton biki, maza da mata, da suka fara sha'awar hoton fim irin na da, har suna aikawa Legas a kawo musu fim da maganin wanki. Suka gano shagon, suka mai da shi wurin zama. Shi kuma, tsoho da shi, ya rataya 'yar Jamus ɗina a wuya ya shiga gari. Ya ɗauki 'yan dako a kasuwar Singa suna sauke buhunan sukari, ya ɗauki mai gyaran takalmi yana gyangyaɗi, ya ɗauki tsoffin benayen Sabon Gari da ake ta rushewa.

Wata rana 'yata ta shigo da murnarta ta kara mini waya a fuska, wai in ga Baba Injiniya ya yi suna. Bidiyo ne, yana zaune a shago da kyamarata a cinyarsa yana bayani, an rubuta a ƙasa, kamar yadda ta karanta mini, wai shi ne ragowar tsoffin masu hoton Kano. Na saurara har ƙarshe ina jiran in ji ya ce a'a, ni mai gyara ne, mai hoton yana Fagge. Bai faɗa ba. Ban ce shi ya sa a rubuta ba, amma bai hana ba. Na ce wa 'yata madalla, na juya na kwanta. Abincin rana ma ban ci ba.

Ba zan zalunce shi ba, ya neme ni. Ya zo har gida ya ce in riƙa zuwa ranar Asabar, yaran suna son ganina. Na je sau ɗaya. Suka gaishe ni da ladabi, suka ba ni kujera, aka kawo mini lemo, sannan kowa ya juya wurinsa. Baba kaza, Baba kaza. Ya ce musu ni ne maigidansa a harkar hoto, suka ce Allah sarki, suka ci gaba da abin da suke yi. Can wata yarinya ta matso ta roƙe ni, cikin girmamawa, in ɗan ja kujerata baya don ina tare wa Baba haske. Ni da na yi shekara arba'in ina gaya wa mutane inda za su tsaya. Na ja kujerar, amma ban manta maganar ba.

Mafi ciwo kuma, Edita, hotunan nasa suna da kyau. Na ɗauko su ɗaya ɗaya na kawo dab da idona ina neman aibu. Akwai na wata tsohuwa mai tuyar ƙosai da hayaƙi ya rufe rabin fuskarta tana dariya. Na daɗe ina kallonsa. A duk tarin hotunan da na ɗauka a rayuwata, na mutanen da suka sandare a gaban labule suna riƙe numfashi, ban tuna da guda ɗaya mai rai irin wannan ba. Da kyamarata, a cikin watanni kaɗan, mutumin da nake ɗauka ɗan rakiyata ne. Ya tambaye ni ya na gani, yana murmushi kamar ɗalibi a gaban malaminsa. Na ce masa hasken ya yi yawa ta gefe, kuma ya karkace. Ya ce zai kula.

Daga nan hassada ta samu wurin zama. Ina zaune a majalisarmu ta ƙofar gida, ba ni da zance sai nasa. Na ce ya fara girman kai. Na ce yara ne suke ɗauka suna ba shi. Wani daga cikin 'yan majalisar, irin mutanen da ba sa ganin wuta su bar ta ba su ƙara mata kara ba, ya ce ai ya ji Turawa suna neman irin wannan kyamara ido rufe, mutumin ya san darajarta ne shi ya sa ya yi mini wayo. Wallahi na san ƙarya ne. Ni na tilasta masa ya karɓa. Amma na rungumi maganar, domin ta ba ni abin da zan fake da shi. Ya fi mini sauƙi in ce an cuce ni da in ce an fi ni.

Ana nan matasan suka shirya baje kolin hotuna a wani ɗakin taro a Sabon Gari. Ya zo da kansa ya gayyace ni, ya kuma roƙe ni in ba da tsoffin hotunana a rataye bango guda da sunana, ya ce in babu nawa abin bai cika ba. Na ce gara ta cinye su. Ƙarya nake yi, suna nan cikin akwati lafiya lau. Tsoro nake ji a jera nawa kusa da nasa mutane su gwada. Ya yi jimami sosai, har yana tambayata me ya sa ban kawo masa ya adana ba.

Ranar taron na sa babbar riga na tafi, 'yata tana riƙe da hannuna. Wuri ya cika, Hausawa, Yarabawa, Ibo, har da 'yan cocinsu da matarsa da ta sha gwaggwaro. Aka yi ta yabonsa. Da aka ba shi abin magana ya tashi da kyamarar a wuyansa, ya gode wa kowa, sannan ya ce akwai wani ɗan'uwansa a nan da yake so ya miƙe a gan shi. Ya fara cewa wannan kyamara da kuke gani, sai na tari numfashinsa. Har yau ban san abin da ya yi niyyar faɗa ba, ban bar shi ya ƙarasa ba. Na miƙe na ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji, kyamarar tawa ce, aro na ba shi, kuma yau nake son abata. Na ce wannan da kuke kira mai hoto, mai gyaran agogo ne, shekara arba'in ni nake ba shi aiki, bai san komai a hoto ba sai abin da ya tsinta a bakina. 'Yata tana jan rigata tana cewa Baba don Allah, ban saurare ta ba.

Injiniya ya tsaya yana kallona, ba fushi a fuskarsa, sai wani irin mamaki kamar wanda ya ga baƙo a cikin rigar ɗan'uwansa. Sannan ya sunkuyar da kai, ya naɗe fim ɗin da ke ciki a hankali, ya cire ya sa a aljihu, ya zare igiyar daga wuyansa, ya tako har inda nake ya ɗora mini ita a hannu biyu. Ya ce, “Gaskiya ne, Alhaji, ni mai gyara ne. Ga kayanka. Ka riƙa fito da ita tana shan iska, ba ta son danshi.” Matarsa, wadda ta yi shekaru tana aiko mini da abinci duk Kirsimeti, ta dube ni ta ce, “Baba, mu ne yau?” Na fita da kyamara a hannu, babu wanda ya tare ni, babu wanda ya raka ni.

Washegari mai Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida da kwalaye. Duk kyamarorin da na ba shi ne, waɗanda ya ɓata watanni yana tayarwa, kowace a goge, a naɗe cikin tsumma. Ba saƙo. Babu wurin ajiye su sai ɗakin da na fitar da su, don haka aka tura katifar jikokina gefe aka jibge. 'Yata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce kawai ita shaida ce ranar da na ce kyauta ce har abada, kuma in an tambaye ta gobe kiyama abin da za ta faɗa kenan. Limamin unguwarmu da labari ya kai masa ya kira ni gefe bayan sallar la'asar, ya tuna mini abin da addini ya kwatanta mai kyauta ya dawo ya karɓe da shi, wato kare mai komawa ya lashe amansa. Na sani tun ina yaro. 'Yan majalisar da suka zuga ni kuwa, su ne suka fara cewa ai Alhaji bai kyauta ba.

Ya kamata in je a makon. Ban je ba. Kullum sai in ce gobe, in na tuna idanun mutanen nan sai ƙafata ta yi nauyi. Wani lokaci ma sai zuciya ta ce ai shi ma da laifinsa, me ya sa bai gyara maganar bidiyon ba. Damina ta shigo ta fita. Kyamarar da na tozarta aminina a kanta ko sau ɗaya ban ɗauki hoto da ita ba, ina zan gani? Ranar da na buɗe ta sai wari ya buge ni, 'yata ta duba ta ce gilashin ya yi fari kamar an shafa masa koko. Ranar ce na ce ta kai ni Sabon Gari.

Mun tarar da shagon an yi masa sabon fenti, wani yana sayar da kayan waya a ciki. Wata Bayarabiya mai shagon kusa, da ta san mu tun da, ta ce ai Baba ya tafi. 'Ya'yansa sun daɗe suna matsa masa ya koma can garinsu a kudu su kula da shi, yana cewa shi a Kano za a binne shi. Bayan taron nan ya daina fitowa sosai, matasan ma suka rage zuwa tunda babu kyamarorin, sai kawai aka ji ya amince. Ban ce ni na kore shi ba, Allah ne masani. Amma mutumin da aka haifa a garin nan ya bar shi ba tare da ya yi mini sallama ba, kuma na san dalili.

'Yata ta samo lambar ɗansa, muka kira. Aka miƙa wa Injiniya wayar, ya gaishe ni, ya tambayi ido, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa na yi kuskure, kyauta ce ba aro ba, ƙarya na yi masa a gaban jama'a, kuma hotunana gara ba ta ci ba. Na roƙe shi gafara ina kuka. Ya ce, “Ya wuce, Alhaji. Allah ya yafe mana duka.” Na ce zan aiko masa da kyamarar, ya ce in bar ta, hannunsa ya fara rawa, ba zai iya kwance ta ba yanzu. Muka yi hira kaɗan irin ta mutanen da suka haɗu a mota. A ciki ya ce ɗansa ya samo masa wata 'yar ƙaramar kyamara, yana ɗan zagayawa yana ɗaukar mata a kasuwar ƙauyensu. Edita, kunya nake ji in faɗa, amma na yi alkawarin gaskiya: hawaye bai bushe a fuskata ba na ji abin nan ya sake motsawa a ƙirjina. Shi yana gani, ni ba na gani. A nan na gane cewa ciwon ba a kyamara yake ba, kuma karɓe ta bai taɓa zama magani ba.

Sauran kyamarorin na sa 'yata ta nemo matasan nan ta raba musu, da akwatin tsoffin hotunana, su yi abin da suka ga dama. Sun karɓa da godiya, amma babu wanda ya zauna. Ban ga laifinsu ba.

Ina kira ga 'yan'uwana dattawa, musamman waɗanda suka yi wata sana'a aka san su da ita. Ranar rage kaya tana zuwa, ko ka so ko ka ƙi. Kada ka ɗauka kayan ne kawai za ka rabu da su, har da matsayin da suka ba ka. In za ka bayar, ka tambayi zuciyarka tukuna: in wanda na ba ya fi ni amfana, in ya yi abin da ban iya ba, zan iya yi masa murna? In ba za ka iya ba, ka yi ta addu'a har ka iya, kafin ka miƙa hannu. Kuma ka kula da wanda kake ganin yana bayanka a rayuwa, ka duba ko son sa kake yi, ko tsayuwarsa a bayan kake so. Hassadar tsufa ta fi ta ƙuruciya muni, domin yaro yana da lokacin gyara abin da ya ɓata. Ni na samu gafara, amma ban samu aminina ba. Muna gaisawa a waya lokaci lokaci, yana amsawa da mutunci, yana yi mini addu'a. Sai dai in an kashe wayar nakan daɗe zaune, domin a duk garin nan babu sauran wanda ya san ni tun ina da baƙin gashi, kuma da bakina na kore shi.